Daga gidan kangararrun yara zuwa idon duniya: wa zai biya kuɗin ƙaho?

A daren 31 ga Disamba, 1912, mutanen birnin New Orleans da ke kudancin Amurka sun cika tituna suna murnar shiga sabuwar shekara. Cikin masu yawo a daren akwai wani yaro baƙar fata ɗan shekara 11, shi da abokansa suna rera waƙa a bakin titi don a jefa musu 'yan kwabbai. A cikin rigarsa ya ɓoye bindigar mijin mahaifiyarsa, wadda ya ɗauko ba da sanin kowa ba. Da wani yaro ya harba 'yar ƙaramar bindigarsa a tsallaken titi, sai abokai suka shiga zuga shi ya nuna tasa. Ya zaro ta ya harba sama. Bai ankara ba ya ji hannun ɗan sanda a jikinsa.

A ofishin 'yan sanda ya kwana, daga nan kotun yara ta tura shi gidan horon yara baƙaƙen fata da ke bayan gari, domin a lokacin ko gidan horo ma ba a haɗa baƙi da farare. Sunan yaron Louis Armstrong. Shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin mashahuran makaɗan da aka yi a ƙarni na 20, kuma a wannan gidan horo ne ya samu malamin da ya koya masa busa ta ƙa'ida.

Labarinsa ya shafi wata muhawara da ake yi har gobe a Amurka da wasu ƙasashe: shin ya dace a ɗauki kuɗin jama'a a koya wa yaran da suka yi laifi kiɗa da zane da rubutu da wasan kwaikwayo? In ya dace, daga aljihun wa kuɗin zai fito?

Malam Davis da 'yan badujalarsa

Louis ya taso cikin talauci mai tsanani. An haife shi a 1901, mahaifinsa ya bar gida tun yana jariri, kuma unguwar da aka haife shi ta yi ƙaurin suna wajen faɗace-faɗace har ana kiranta "Fagen Fama". Wani tsohon soja mai suna Joseph Jones ne ke kula da gidan horon da aka kai shi, shi da matarsa, kuma tarbiyyar gidan irin ta bariki ce: tashi da busar begila, fareti, shara, noman lambu, karatu, ga bulala ga wanda ya karya doka. Abinci kuwa yawanci wake ne da burodi.

Sai dai gidan yana da abu guda da ya bambanta shi da kurkuku, wato ƙungiyar badujala ta yara, ƙarƙashin wani malami mai suna Peter Davis. Da farko Malam Davis bai yi na'am da Louis ba, don a ganinsa yaron da ya fito daga irin unguwarsu ba ya jin magana. Louis kan raɓe a gefe yana sauraro idan ana gwaji, har wata rana malamin ya kira shi. Ba ƙaho ya fara ba shi ba, wani ɗan abin kaɗawa ne mai kama da mandiri. Da ya ga yaron yana riƙe amo daidai, ya matsar da shi kan ganga, daga nan zuwa ƙahon tagulla, sai begilar tashin yara da kwanciyarsu, har ya kai ga konet, wanda ƙanen kakakin Turawa ne. Kafin ya bar gidan a tsakiyar 1914, shi ne jagoran 'yan badujalar.

Ga inda zancen kuɗi ya shigo. Gidan horon ba shi da wadata, kayan kiɗan ma tsofaffi ne. Yaran kan fita su yi wasa a wajen fareti da bukukuwa, abin da aka samu ya taimaka wa ƙungiyar. Armstrong ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa na 1954 cewa wata rana faretinsu ya biyo ta tsohuwar unguwarsu. Mutanen da suka san shi yana yawo da tsumma suka gan shi cikin kayan sarki yana jan gaba da ƙaho. Aka ruga aka kira mahaifiyarsa, aka yi karo-karo a cikin hula, kuma a cewarsa abin da aka tara ya isa a saya wa ƙungiyar sababbin kaya da kayan busa. Talakawan unguwar da ake yi wa kallon matattarar 'yan daba su ne suka zuba wannan jari.

Abin da ya biyo baya tarihi ne. A 1922 ya tafi Chicago, ya zama tauraron kiɗan jaz. A 1956 ya ziyarci Accra, a 1960 kuma ya zo Najeriya, har ya gana da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna. A 1964, yana da shekara 62, wata waƙarsa ta ture ta ƙungiyar Beatles daga matsayi na ɗaya a Amurka. Yau babban filin jirgin saman New Orleans, garin da aka kama shi yana yaro, sunansa yake ɗauke da shi.

Me fasaha ke yi wa yaron da ke tsare?

Ba kowane yaro ne zai zama Armstrong ba, kuma masu gudanar da irin waɗannan shirye-shirye ba su ce burinsu ƙera taurari ba ne. Abin da suke nema ya fi haka kusa da ƙasa.

Ku ɗauki misalin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarku. Wanda ya shiga dole ya zo gwaji a kan lokaci, ya haddace nasa, ya yi shiru idan wani na magana, ya jure gyaran malami a gaban abokai, ya maimaita abu sau goma har ya zauna. Idan mutum ɗaya ya ƙi zuwa, wasan kowa ya lalace. Haka badujala take, haka zanen bango na haɗin gwiwa yake. Waɗannan ɗabi'u, wato haƙuri da sauraro da kammala abin da aka fara, su ne akasarin yaran da suka faɗa hannun hukuma ba su samu mai koya musu ba. Da yawansu sun daina zuwa makaranta tun kafin a kama su, wasu sun ga tashin hankali a gida ko a unguwa, kuma sun saba jin ana kiransu da sunan laifinsu. Ranar da yaro ya tsaya gaban jama'a aka tafa masa saboda abin kirki da ya yi da hannunsa, ya samu wani suna na daban da zai so ya kare.

An gwada auna wannan. A tsakiyar shekarun 1990, hukumar tallafa wa fasaha ta gwamnatin Amurka da ofishin kula da shari'ar yara na ma'aikatar shari'ar ƙasar sun haɗa hannu da hukumomin fasaha na birane uku, Atlanta da Portland da San Antonio, a wani shiri mai suna YouthARTS. An haɗa masu zane da masu wasan kwaikwayo da yaran da kotu ke sa wa ido ko waɗanda ake fargabar za su kangare. Rahoton da aka fitar a 2001 ya nuna cewa yara da dama sun ƙara iya bayyana fushinsu ba tare da faɗa ba, sun ƙara iya magana da manya da aiki tare da 'yan'uwansu, da kuma kai aiki ƙarshe. Masu binciken sun yi gaskiya, sun ce yaran da aka auna ba su da yawa, don haka a yi hattara wajen yanke hukunci. Amma alamar da aka gani ta ƙarfafa wa wasu garuruwa gwiwa.

A jihar Massachusetts wani alƙalin kotun yara mai suna Paul Perachi, wanda ya taɓa zama shugaban makarantar sakandare, ya fito da wata dabara a farkon shekarun 2000. Maimakon hukuncin da aka saba, yakan tura wasu yaran da suka yi ƙananan laifuka wajen wata ƙungiyar 'yan wasa a garin Lenox, su yi 'yan makonni suna koyon wasannin Shakespeare, marubucin nan na Ingila da wasunku ke karantawa a darasin adabi. A ƙarshe su hau dandali gaban iyayensu da alƙali da jami'an da ke sa musu ido. Da yawa sukan zo suna ɓata rai, don ba da son ransu suka zo ba, kuma Turancin Shakespeare ko ga ɗan Amurka yana da wuya. Wuyar ce ma amfanin abin: yaron da aka daɗe ana ce masa daƙiƙi ya ga ya haddace abin da manya ke tsoro. A Chicago kuma Meade Palidofsky ta kafa ƙungiyar Storycatchers a 1984, wadda ta riƙa shiga gidajen tsare yara tana taimaka musu su rubuta labarin rayuwarsu, su mayar da shi wasan kwaikwayo mai waƙoƙi.

Lissafin da ya kamata a duba

Tsare yaro yana da tsada fiye da yadda mutane ke zato. Akwai gini, masu gadi dare da rana, abinci, magani, wuta da ruwa. Wata cibiyar nazari a Amurka mai suna Justice Policy Institute ta fitar da rahoto a 2020 cewa a matsakaici jihohin ƙasar suna kashe dala 588 kowace rana a kan yaro ɗaya da ke tsare, wato dala 214,620 a shekara. Kuɗin kwana ɗaya ko biyu ya isa a sayi ƙahon koyo sabo, ko fenti da takardun da aji guda zai yi amfani da su. Idan shirin fasaha ya taimaki ko da yara kaɗan suka fita ba su dawo ba, ya biya kuɗin kansa ya bar canji.

To amma daga ina kuɗin ke fitowa? A Amurka hanyoyin huɗu ne. Akwai gwamnatin tarayya, ta hannun hukumar fasaha da aka kafa a 1965 da ofishin shari'ar yara da aka kafa a 1974. Akwai jihohi da ƙananan hukumomi, waɗanda su ne ke riƙe da gidajen tsare yaran. Akwai gidauniyoyin masu hannu da shuni. Sai kuma gudummawar ɗaiɗaikun mutane, irin ta 'yan unguwar su Armstrong. Kasafin hukumar fasahar ta tarayya a 2023 dala miliyan 207 ne, na ƙasar baki ɗaya da kowane irin fasaha, wanda bai kai dala ɗaya ga kowane ɗan ƙasa ba. Abin da ke isa ga yaran da ke tsare ɗan yanki ne daga ciki. Duk da haka, a 2017 fadar shugaban ƙasa ta nemi a rufe hukumar, sai dai majalisa ta ƙi yarda.

Babbar matsalar ita ce yawancin tallafin na shekara ɗaya ne ko biyu. Ƙungiya za ta cike takardu, ta samu kuɗi, ta ɗauki malamai, yara su fara sabawa da su, sai wa'adi ya ƙare. Kuma duk lokacin da aljihun gwamnati ya yi zafi, ba za a rage masu gadi ba, ba za a rage abinci ba, malamin zane ake fara sallama. Jihar California ta ga haka a gidajen yarinta na manya: shirin fasahar da aka fara a 1977 ya yi suna, aka zaftare kuɗinsa a 2003, ya tsaya cak a 2010, sai bayan 'yan shekaru aka farfaɗo da shi. Ga yaron da manya suka sha yi wa alkawari suna saɓawa, malamin da ya zo wata shida ya ɓace wani saɓa alkawarin ne. Armstrong ya samu kusan shekara ɗaya da rabi yana ganin Malam Davis kullum. Da sau ɗaya a wata yake zuwa, da wuya labarin ya zama haka.

Darasi daga Jamaika

A birnin Kingston na ƙasar Jamaika akwai makarantar yara maza ta Alpha, wadda aka kafa a 1880, kuma mata masu hidimar cocin Katolika suka riƙe ta. Marayu da yaran titi da waɗanda kotu ta turo ake kaiwa can. An kafa ƙungiyar kiɗanta a 1892 da ganguna da sarewa, daga baya aka samu kyautar kayan busa na tagulla. Wata malama mai suna Mary Ignatius Davies ta shafe fiye da shekara 60 a makarantar, har rasuwarta a 2003, tana tara faya-fayan kiɗa tana kunna wa yaran, tana kuma nema musu aiki idan sun gama.

Lokacin da aka kafa ƙungiyar Skatalites a 1964, huɗu daga cikin waɗanda suka kafa ta tsofaffin ɗaliban Alpha ne: Tommy McCook da Don Drummond da Lester Sterling da Johnny Moore. Su ne suka fito da martabar kiɗan ska, wanda daga gare shi rege ya samo tushe, kuma makaɗan ƙungiyar sun yi wa Bob Marley kiɗa a waƙoƙinsa na farko-farko. Ke nan wani ɓangare na abin da duniya ta san Jamaika da shi ya fito ne daga gidan yaran da aka ɗebe wa tsammani.

Labarin Alpha yana da ɗaci ta fuska biyu. Don Drummond, wanda ake ganin ya fi kowa baiwa a cikinsu, ya yi fama da taɓin hankali. A farkon 1965 ya kashe budurwarsa, aka tsare shi a asibitin masu taɓin hankali, a can ya rasu a 1969. Kiɗa bai maye gurbin likita ba, kuma ba zai maye gurbin abinci da karatu da iyali ba. Na biyu, a 2014 makarantar ta rufe sashen kwana bayan fiye da shekara 130, kuma matsin kuɗi na daga cikin dalilan da aka bayar. Yanzu ta koma ta jeka-ka-dawo, tana koyar da sana'o'i da kiɗa.

Masu ja da wannan ra'ayi

Akwai masu cewa wannan rashin adalci ne. Yaron da bai taɓa laifi ba yana makarantar da ba ta da malamin zane ko ɗakin karatu, amma wanda ya yi sata an kawo masa ƙaho kyauta. Ina hukuncin? Ina kuma hakkin wanda aka zalunta?

Tambayar tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Masu goyon baya sukan amsa da abu biyu. Na farko, rabuwa da gida da 'yanci shi ne hukuncin, kuma kusan duk yaron da aka tsare zai fito ya dawo unguwa, ya zauna kusa da ni da ku. Abin tambaya shi ne da wane hali zai dawo. Na biyu, dokokin duniya sun riga sun yi magana. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin yara ta 1989 ta tanadi hakkin kowane yaro na shiga harkokin al'adu da fasaha a sashe na 31, a sashe na 40 kuma ta ce a bi da yaron da ya yi laifi ta hanyar da za ta mayar da shi cikin al'umma ya zama mai amfani. Ƙa'idojin da majalisar ta amince da su a 1990 kan yaran da ke tsare sun ambaci ba su lokaci kullum, wanda za su iya amfani da wani ɓangarensa wajen koyon fasaha da aikin hannu. Game da yaron da makarantarsa ba ta da malamin zane kuwa, maganin shi ne a samar masa, domin hana na gidan horo ba zai ƙara masa komai ba.

A nan gida

Najeriya ma tana da gidajen horon matasa na gwamnatin tarayya a Kakuri ta Kaduna da Ilori da Abeokuta, waɗanda ake kira Bostal, sunan da aka aro daga wani ƙauye a Ingila inda aka fara irin tsarin a farkon ƙarni na 20. Jihohi kuma suna da gidajen ajiye yara, kamar na Goron Dutse a Kano. An kafa su ne don karatu da koyon sana'a da gyaran tarbiyya, kuma tun 2019 aka sauya sunan hukumar gidajen yari ta ƙasa zuwa ta gyaran hali. Tambayar da ake yi a Chicago da Kingston ta shafe mu: idan an zo raba kasafi, nawa ake ware wa abin da zai sauya yaron, bayan an biya kuɗin katanga da kwaɗo?

Fasaha kuma ba ta tsaya ga ƙahon Turawa ba. Zayyanar allo fasaha ce, haka rubutacciyar waƙa, da ɗinkin hula da aikin babbar riga, da dukanci, da rini, da zanen bango irin na magina, da wasan kwaikwayo da rubutun labari. Gwanaye a kan waɗannan suna nan a garuruwanmu, kayan aikinsu ba su da tsada sosai, kuma da yawansu sana'o'i ne da yaro zai ci abinci da su idan ya fito. Abin da ake buƙata shi ne mai biyan malamin a kai a kai, ba ziyarar sallah ta rana ɗaya ba.

Ku ma kuna da rawar takawa. Ƙungiyar muhawara ta makarantarku za ta iya ɗaukar wannan batu a matsayin maudu'i, ɓangare ɗaya ya kare masu cewa a kashe kuɗin, ɗaya ya kare masu ja. 'Yan ƙungiyar jarida za su iya rubuta wa ɗan majalisar jiharsu su tambayi abin da aka ware wa gidan ajiye yara a kasafin bana. Masu son kai littattafai ko kayan zane su bi ta hannun shugaban makaranta da hukumar da ke kula da gidan, domin ba a shiga irin wuraren nan sai da izini, kuma ba a ɗaukar hoton yaran ko yaɗa sunayensu.

Armstrong bai manta da gidan da ya fito ba. Da ya koma New Orleans a 1931 yana tauraro, ya je ya gaida Jones da Malam Davis, ya ɗauki hoto da yaran da ke cikin badujalar a lokacin. A 1965 kuma aka haɗa shi da Malam Davis a wani shirin talabijin, malamin ya tsufa tukuf, ɗalibin kuma ya haura shekara 60, fiye da shekara 50 ke nan da ranar da ya miƙa masa abin kaɗawa na farko.